Abin da Hammata Ke Ɓoyewa: Hoton Asibiti da Yaɗuwar Kansar Mama Zuwa Kaluluwa

A layinmu na Tudun Ƙofa, cikin garin Keffi, akwai wata dattijuwa mai tuwon sayarwa da kowa ke ce wa Gwaggo. Ta fi shekara ashirin tana tuƙa tukunya biyu kowace yamma, muciya a hannun dama, kafin a gano kansa a nononta na wannan ɓangaren. Aka yi mata aiki, aka cire nonon, aka kuma kwashe kaluluwar da ke hammata baki ɗaya. Ɗinki ya kame, ta dawo gida, 'yan barka suka yi ta sintiri. Bayan 'yan watanni sai hannun ya fara nauyi. Awarwaron da ta saba sawa ya ƙi shiga, tela ya buɗe mata hannun riguna, muciya kuwa ta gagara.

Ranar da na shiga gaishe ta na tarar ta ɗora hannun a kan matasai biyu. Ta ce, "Ɗan nan, nonon ban yi kukansa kamar yadda nake kukan hannun nan ba. Da shi nake ci." Na ce, "Gwaggo, to an sami cutar a kaluluwar da aka cire?" Sai ta sa jikarta ta zaro takardar gwaji daga ƙarƙashin katifa. An ƙirga kaluluwa goma sha huɗu, an duba su ɗaya bayan ɗaya, ba a sami kansa ko a guda ba.

Likitan da ya yi aikin bai yi ganganci ba. Ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin hammatar sai ya buɗe ta, barin cuta a ciki kuma ya fi kumburin hannu haɗari. Amma takardar nan ta bar ni da tambayar da likitocin duniya suka daɗe suna fama da ita: shin hoto zai iya faɗin ko kansa ta kai kaluluwa, tun kafin a ɗauki wuƙa?

Me ya haɗa nono da hammata

Bahaushe ya san kaluluwa. Yaro ya yi tuntuɓe, yatsa ya yi ruwa, kwana biyu sai ka ji yana kukan matsematsi, a taɓa a ji wani ɗan ƙullutu yana mirginawa. Ita kaluluwar tana nan tun haihuwa, ɗaruruwa a jiki, kumburin ne kawai ke sa a san da zamanta. Ban da jini, akwai wani ruwa garai-garai da ke tsattsafowa daga tsoka, yana bin wasu siraran magudanai har ya koma cikin jini. A kan hanyar nan kaluluwa take zaune kamar rariya, tana tace ƙwayoyin cuta. A hammata ɗaya akan sami 20 zuwa 40, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na ruwan da ke fitowa daga nono ta nan yake bi. Ruwan hannu ma ta nan yake wucewa. Shi ya sa idan an kwashe su hannu kan cika, kamar yadda ƙafar mai tundurmi ke cika saboda magudananta sun toshe.

Ƙwayar kansar da ta ɓalle daga ƙarin da ke nono, galibi wannan hanya take bi, zangonta na farko kuwa hammata. Don haka likita ba ya tsayawa kan girman ƙari kawai. Yana son ya san kaluluwa nawa suka kamu: ɗaya zuwa uku mataki guda ne, huɗu zuwa tara wani mataki ne, goma zuwa sama kuma wani. Wannan lissafi yana cikin abubuwan da ke nuna ko za a fara da kemo kafin aiki, da iya inda wuƙa za ta kai, da wuraren da za a yi wa gashi da na'ura daga baya.

Daga kwashe duka zuwa duba bakin ƙofa

A 1894 wani likitan tiyata na asibitin Johns Hopkins a Amurka, William Halsted, ya wallafa sakamakon aikin da ya ɗauki sunansa: a cire nono, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da duk kaluluwar hammata. Daga baya an daina taɓa tsokar ƙirji, an koyi cire ƙari a bar nono, amma kwashe hammata ya ci gaba kusan shekara ɗari. Farashinsa sananne ne. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa haka hannunta kan kumbura, wasu kafaɗa ta riƙe, wasu fatar damtse ta mutu da ji.

Sauyi ya zo ne daga wani tunani da mutumin Keffi zai gane nan take. Sunan garin kansa daga kafi ya samo asali, kuma kowa ya san gari mai ganuwa baƙo ba ya shigarsa sai ta ƙofa. Idan sarkin ƙofa ya ce bai ga baƙo ba, babu dalilin bincike gida-gida. Hammata ma tana da kaluluwa ɗaya ko biyu da ruwan nono ke fara isa gare su. David Krag a 1993 da Armando Giuliano a 1994, dukansu a Amurka, sun nuna yadda za a gano wannan kaluluwar bakin ƙofa: a yi allurar wani sinadari mai fitar da haske da na'ura ke ji, ko wani ruwa shuɗi kamar shuni, a bi sawunsa, a ciro kaluluwar da ya fara rinawa, a kai gwaji. In tana da lafiya a bar sauran. Da wannan hanya, masu kumburin hannu suka ragu zuwa wajen biyar ko shida cikin ɗari.

A 2011 binciken da ake kira Z0011, wanda Giuliano ya jagoranta, ya ƙara matsawa gaba. Matan da ƙarinsu bai yi girma ba, aka cire shi aka bar nono, aka yi gashi, ko da an sami kansa a kaluluwa ɗaya ko biyu na bakin ƙofa, barin sauran bai rage musu tsawon rai ba. Daga nan tambayar da ake yi wa hoto ta ƙaru. Ana so ya faɗi ko cutar ta shiga, ana kuma so ya faɗi ko kaɗan ce ko mai yawa.

Abin da sikanin ke gani

A cikin duk na'urorin hoto, wadda ta fi amfani a hammata ita ce wadda matan Tudun Ƙofa suka fi sani, wato sikanin da ake yi wa masu ciki, mai aiki da sauti. Bambancin kawai shi ne kan na'urar: na duba nono da hammata mai shimfiɗaɗɗen baki ne, wanda ke ganin abin da ke kusa da fata daki-daki. Mace za ta kwanta rigingine, ta ɗaga hannu bisa kai, a shafa mata wani ruwa mai yauƙi da sanyi, a riƙa zagayawa a hankali daga gefen nono zuwa ƙuryar hammata. Babu zafi, babu hasken da ke cutarwa, 'yan mintoci ne.

A fuskar na'ura, lafiyayyar kaluluwa kamar ƙwayar wake take: 'yar doguwa, tsakiyarta fari saboda kitse, gefenta wani siririn baƙin ɓawo. Tunda ruwa ta gefe yake shigarta, kansa ma a ɓawon take fara sauka. Alamar farko ita ce ɓawon ya yi kauri, musamman ta gefe guda, kuma likitoci da yawa sukan fara zargi idan ya wuce milimita 3. Idan cuta ta ci gaba sai farin tsakiyar ya matse gefe, daga bisani ya ɓace, waken ya dunƙule ya koma kamar gujiya, baƙi ƙirin. Akan kuma kunna launin da ke nuna gudun jini, a ga ko yana shiga ta tsakiya yadda ya saba ko ya koma ratsowa ta gefe.

Gani ya kori ji, amma a nan gani kaɗai bai isa hukunci ba. A ƙasarmu abubuwan da ke kumbura kaluluwa suna da yawa: tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, ƙurji a nonon mai shayarwa, miki a hannu, har da tsaga ko sakiyar da aka yi wa nonon a gida kafin a zo asibiti. Kowanne yana iya sa ɓawo ya yi kauri. Saboda haka idan an ga abin zargi, akan bi da allura, ana kallon bakinta a na'ura har ta shiga daidai wurin, a tsotso ɗan abin da ke ciki ko a ɗebo tsoka siririya kamar zare, a kai ɗakin gwaji. In sakamako ya ce kansa ce, an sami tabbaci ba tare da tiyata ba, likita zai tsara magani yana sane da abin da ke gabansa.

Matsalar tana ɗaya ɓangaren. Taron ƙwayoyin kansa da bai wuce milimita 2 ba, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ba ya sauya kamannin kaluluwa. Da masana suka tattara bincike masu yawa wuri ɗaya, sun ga sikanin haɗe da allura yana kama wajen rabin matan da cutar ta riga ta kai hammatarsu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda hotonsu ya fita fes an sami cutar a kaluluwarsu bayan aiki. Sikanin ya fi iya kama cuta mai yawa. Idan ya ce bai ga komai ba, ma'anarsa da wuya a ce hammatar ta cika da cuta, amma bai rantse cewa babu ko kaɗan ba.

Sauran na'urori kowace da iyakarta. Mamogiram, hoton da ake matse nono a ɗauka, ƙasan hammata kawai yake kamawa. MRI yana nuna hammata biyu a lokaci guda da kaluluwar da ke bayan ƙashin ƙirji, sai dai yana da tsada kuma yakan zargi lafiyayyar kaluluwa. CT ya fi amfani wajen duba huhu da hanta idan ana tsoron cuta ta yi nisa. PET, wanda ke bin sawun sukarin da ƙwayoyin kansa ke zuƙa, yana da kyau ga cutar da ta bazu, amma ƙanana suna kuɓuce masa, kuma a Najeriya wurare ƙalilan ne ke da shi.

Lokacin da hoto ya isa a bar hammata

Duk da wannan gibi, wasu likitoci a Milan ta Italiya suka yi tambaya mai ƙarfin hali: idan ƙari ƙarami ne, sikanin kuma bai ga komai ba, me zai faru in ba a taɓa hammatar ba sam? Binciken SOUND, ƙarƙashin Oreste Gentilini, ya raba mata kimanin 1,400 masu ƙarin da bai wuce santimita 2 ba gida biyu. Rabi an ciro musu kaluluwar bakin ƙofa, rabi an bar su. Sakamakon ya fito a 2023. A rukunin da aka yi wa aikin, kusan 14 cikin ɗari an sami cuta a kaluluwarsu duk da hoton ya fita lafiya. Amma bayan shekara biyar, waɗanda ke raye ba tare da cutar ta bazu zuwa wasu sassan jiki ba kusan 98 cikin ɗari ne a duka rukunan biyu. A ƙarshen 2024 binciken INSEMA na Jamus da Ostiriya, mai mata fiye da 5,500, ya zo da irin wannan sakamako, kuma waɗanda ba a taɓa hammatarsu ba sun fi samun sauƙin hannu da kafaɗa.

Dalilin yana da muhimmanci. Matan nan ba hoto kawai aka yi musu aka sallame su ba. An cire ƙarin, an yi wa nonon gashi, an ba su magungunan da ke bin jiki duka, kuma waɗannan su ke ƙarasa ɗan abin da hoto bai gani ba. Akasarinsu sun haura shekara hamsin, kansarsu kuma irin wadda ke jin maganin hana sinadarin mata ce, mai tafiyar hawainiya. Wanda ya ɗauko wannan sakamako ya ɗora wa mace 'yar shekara 38 mai ƙari kamar lemo, wadda ba ta da tabbacin samun gashi, ya yi mata mugun gata.

Kwamfuta mai koyo

Sabon fagen da ake ta magana a kai shi ne ƙirƙirarriyar basira. Ana ba kwamfuta dubban hotuna, kowanne da amsar da ɗakin gwaji ya bayar bayan aiki, har ta koyi alaƙa tsakanin yanayin hoto da yaɗuwar cuta. Tana auna abubuwan da idon mutum ba ya rarrabewa: kaushin cikin ƙari, yadda gefensa ya tsattsage, yadda naman da ke kewaye ya sauya. Abin mamakin shi ne wasu manhajojin ƙarin kansa suke kallo, su yi hasashen abin da ke hammata. A 2020 masu bincike a asibitin Tongji na Wuhan a China sun wallafa irin wannan aiki da hotunan sikanin, inda manhajar ta fi ƙwararrun likitocin hoto da aka gwada ta da su dacewa. A 2024 wata tawaga a Dallas ta Amurka ta yi makamancinsa da hotunan MRI na mata 350.

Aiki ne mai ban sha'awa, kuma ina fatan ya nuna. Sai dai har yanzu babu manhajar da ta maye gurbin gwajin nama a ƙa'idojin jinya. Yawancin binciken an yi su ne da tsofaffin hotunan asibiti ɗaya ko biyu, kuma manhaja takan rage ƙoƙari idan an kai ta wani asibiti mai wata na'ura da wasu mutane. Wadda ta koyi aiki a Wuhan ko Dallas ba ta saba da hammatar da tarin fuka ya taɓa ba, ba ta kuma saba da irin kansar nan mai saurin yaɗuwa, wadda ba ta jin maganin hana sinadarin mata, da ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma ba. In muna so ta yi mana aiki wata rana, sai asibitocinmu sun fara adana hotuna tare da sakamakon gwajin kowace mace, da yardarta da kuma kare sirrinta.

Yadda abin yake a wajenmu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da kansar mama, 670,000 suka rasu. A Najeriya ƙiyasin wannan shekarar ya haura sabbin kamu 32,000 da mace-mace fiye da 16,000. Wani nazari na 2016 da ya tattara rahotannin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna wajen kashi uku cikin huɗu na mata baƙaƙen fata sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu ake gano ta. Wani kuma da aka wallafa a 2020, wanda ya bi matan da suka je asibitoci a Aba da Owerri, ya sami 36 cikin ɗari kawai suna raye bayan shekara uku.

Waɗannan alƙaluma su ne bayanin halin da muke ciki. Mace ta ji ƙullutu, ba ya ciwo, ta yi shiru don kunya ko tsoron a yanke nono. A ce daji ne ba ya son ƙarfe, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wata shida, shekara. Kafin ta isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, kaluluwa ta yi tauri ta manne da juna, hannun likita ma ya isa ya gane. A wannan mataki babu sauran hasashe. Duk ribar da SOUND da INSEMA suka nuna, ta macen da ta zo da ƙari bai kai ƙwallon dabino ba ce. Shi ya sa shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa buri uku: a gano aƙalla 60 cikin ɗari a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma 80 cikin ɗari su gama magani.

Ko ga wadda ta makara, hoton hammata yana da aiki. Yana nuna iya inda cuta ta kai, har saman ƙashin wuya, yana taimakawa a yanke shawarar farawa da kemo, a kuma sake dubawa a ga ko maganin yana ci. Iyalin da za su riƙa ratsa cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Abuja don gashi, ko su nufi asibitin Shika a Zariya, suna bukatar sanin wannan tun farko don su shirya guzuri. Asibitocin nan biyu suna cikin waɗanda aka fara Asusun Tallafin Jinyar Kansa na Gwamnatin Tarayya da su, kuma kansar mama tana cikin cututtukan da ya ƙunsa.

Abin da ya rage mana bai fi ƙarfinmu ba. Na'urar sikanin tana nan a Keffi, a asibitocin gwamnati da na kuɗi, saboda awon ciki. Ana bukatar kan na'ura da ya dace, da mai hoton da aka horar ya san wake daga gujiya, da al'adar rubuta kaurin ɓawo da adadin kaluluwar da ake zargi a kowane rahoto. Ana bukatar allurar gwaji da sakamakon da zai fito cikin kwanaki. Sinadari mai haske na gano kaluluwar bakin ƙofa sai manyan cibiyoyi irin na Ibadan da Abuja, amma shuɗin ruwan da ake kira metilin bulu yana da araha, kuma likitan tiyata da ya samu horo zai iya aiki da shi. Ƙarin ma'aikata mata a ɗakin hoto zai cire wa da yawa nauyin da ke hana su zuwa.

Gwaggo tana nan da ranta, alhamdu lillahi, shekaru sun shuɗe cutar ba ta dawo ba. 'Yarta ce ke tuƙi yanzu, ita kuma tana zaune kan kujera 'yar tsugunno, hannu naɗe da bandeji, tana karɓar kuɗi da hagu. Da a lokacinta an yi mata sikanin hammata, aka bi da shuɗin ruwa aka ciro kaluluwa biyu maimakon goma sha huɗu, mai yiwuwa da muciyar tana hannunta har yau. Matan da ke zuwa sayen tuwo sukan tsaya hira, wata ta rage murya ta ce ta ji wani abu a nono. Amsar Gwaggo ba ta canzawa: "'Yar nan, gobe da safe ki tafi asibiti, kada ki bari kowa ya tsaga miki. In an kwantar da ke za a yi hoto, ki ɗaga hannu ki ce, likita, a duba mini har da hammata."